Saƙon Iya Zuwa Kusugu

A hutun damina na bara ne abokin Baba ya ce yana so ya ga tsofaffin garuruwan ƙasarmu kafin ya koma gida. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ofishinsu ɗaya da Baba, kuma ya kusa shekara talatin yana zaune a Ƙofar Guga. Mu yaran gida Kawu muke ce masa. Ya ajiye aiki, ya fara ɗaure kaya, sai ya tuna duk zamansa a Katsina bai san wata hanya ba sai ta ofis da ta coci da ta kasuwa. Shi ke da mota, Baba ke da sanin hanya da mutane. Suka tsayar da ranar Asabar: Durɓi ta Kusheyi, Mani, Mashi, a ƙare a Daura a ga rijiyar Kusugu, a dawo kafin magariba.

Da farko ba ni cikin tafiyar. Iya, mahaifiyar Baba, ita ta sa ni. Ana zaune a tsakar gida ta ce, tana kallon turmi, "Da an tafi da yarinyar nan ta ga gari, ta huta da laɓewa bayan ƙyaure." Baba yana tsaye kusa da ita yana ɗaura agogo. Shi ma turmin ya kalla, ya ce, "To." Haka suke magana. Baba ne ɗan farin Iya, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta neman komai a wurinsa kai tsaye. "Wancan mutumin" take ce masa. In goronta ya ƙare, Mama take gaya wa cewa goro ya yi wuya a gari, Mama ta gaya wa Baba, da yamma sai ga goro.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta kira ni ɗakinta. Ta jawo wata gorar roba ta lemo daga ƙarƙashin gado. Ta wanke ta tas, har ta kankare takardar jikinta, sai ɗan danƙo da ya rage a gefe ɗaya. Iya haifaffiyar Daura ce, kusa da rijiyar ta tashi, amma ƙafafunta sun daɗe da hana ta shiga mota, mutanenta na can kuwa duk sun ƙare.

"Ki ɗebo mani ruwan Kusugu," ta ce. "Ba magani nike nema ba, kada ki zaci wani abu. Baki ne kawai ya tuna. Wannan na leda da kuke sha, ni roba nike ji."

Na ce to.

"Kuma kada ki faɗa mashi. Kin ji ko? Can dai za ku, ki cika abinki ki sa cikin hijabi. Na san bakinki, shi ya sa na zaɓe ki."

Na ji daɗin maganar. Ban taɓa jin wani ya yabi shiruna ba sai ranar.

An ce ƙarfe bakwai, amma sai wajen tara Kawu ya iso gidanmu a Ƙofar Marusa. Motarsa tsohuwa ce, gilashin gefena ba ya sauka, kuma akwai yagewa a kujerar baya inda soso ya leƙo. Wani ɗan gicciye na katako yana lilo a jikin madubi. Kafin mu fita gari Kawu ya ce ai bai taɓa tsayawa a Gobarau ba, kullum wucewa yake. Muka karkata. Ya ɗauki hasumiyar hoto ta gabas, ya ɗauka ta yamma, ya sa Baba ya ɗauke shi, ya ce an yanke masa kai, aka sake. Ni ina mota da gora a cinya, ina kallon wata tunkiya tana lasar jikin katanga.

Hanya ta yi kyau da farko. Gero ya fi mutum tsawo, ko'ina kore, mata a bakin titi da farantan dafaffiyar gyaɗa. Da muka bar kwalta muka shiga burji, sai motar ta fara kuka a kowane rami, kan Kawu yana dukan rufi.

A Durɓi ta Kusheyi ba a zarce wa kushewan haka nan. Sai da muka je aka gaida masu gari. Aka shimfiɗa tabarma, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa, aka tambayi mutanen birni, aka dawo kan gajiya. Baba yana son wannan. Muryarsa har sauka take yi, ta yi taushi, kamar yana shafa bayan doki. Sannan aka haɗa mu da wani dattijo ya raka mu. Takalminsa ɗaya an ɗinke shi da waya, kuma ba ya sauri ko kaɗan.

Muka ratsa gonaki, laka tana jiƙa mani safa, har muka iso wasu tuddai da ciyawa ta rufe, da manyan kukoki a gefe. Dattijon ya tsaya ya nuna da sanda.

Kawu ya duba hagu, ya duba dama. "Malam, ina tarihin?"

"Kana tsaye kanshi," in ji Baba.

"Wannan tudun? Bayan gidanmu akwai wanda ya fi shi."

"Naku akuya ke kwance a kai. Wannan sarakuna ne a ƙasa."

Dattijon ya yi dariya, ya fara jero waɗanda suka mulki wurin kafin a yi birnin Katsina. Na so in saurara, don malamar tarihinmu ta taɓa faɗar wurin. Amma idona yana kan inuwar kuka, wadda ta riga ta tattare ta koma gindinta. Ban san nisan Daura ba. Na dai san rana ta kusa tsaka kuma wuri ɗaya muka gani.

A Mani akwai wata gwaggon Baba. "Mu leƙa kawai," in ji shi, "minti biyar. In ta ji na wuce ban shiga ba, har kabari za ta bi ni da maganar." Muna yin sallama na ji kukan kaza a bayan ɗaki, na san an gama da mu. Gwaggo ta rantse ba mai fita sai ya ci. Aka kai su Baba zaure, ni aka ja ni ciki aka zaunar da ni kan kujera 'yar tsugunne. Na ga an fige kazar, an babbake, an yanyanka, an je neman attarugu maƙwabta, an dawo an ce babu, an aika wani gidan. Aka kawo fura kafin abinci ya nuna. Aka yi azahar.

"Wannan ɗiya ba ta magana ne?" Gwaggo ta tambayi matan gidan, kamar ba ni wurin. "Ke, mi kike ɓoyo cikin hijabi tun ɗazu? Kawo a zuba maki kunu."

Na girgiza kai, na ƙara matse gorar a hammata.

"Ikon Allah. Jikar wance ce kam, ba a tambaya. Ita ma haka take, sai ta shekara da magana a ciki."

Ina zaune na shirya abin da zan ce wa Baba in mun fito. Ba sai na ambaci Iya ba. Zan ce, Baba, rana tana yi. Kalma huɗu. Na maimaita su a zuciya har suka yi santsi. Da muka fito yana sakace haƙori yana yabon miyar, sai na ga ba wurin da zan sa su. A gidanmu yaro ba ya gaya wa babba lokaci.

Gwaggo ta biyo mu har mota da kwano cike da ƙwan zabo, an zuba ƙaiƙayi tsakaninsu, da ƙullin daddawa, da damin rake. Raken ya shiga ta tsakanin kujeru, gindinsa yana zungurin ƙafata. Kwanon kuwa a cinyata aka ɗora. "Riƙe da kyau, na Iyarku ne." Daga nan hannu ɗaya yana kan kwano, ɗaya yana kan gora, warin daddawa ya cika motar, gilashi kuma ba ya sauka.

"Malam," in ji Kawu yana goge wuya da hankici, "gaisuwarku ta fi hanyar tsawo."

"Shekara talatin ba ka koya ba, yau za ka koya? Tuƙa, mai mota."

A Mashi Baba ya nuna wa Kawu wani wuri ya ce nan tsohuwar ganuwa ta bi. Ni dai tudun ƙasa na gani da bola a gefensa, da awaki. Kawu bai ko fito da waya ba. Muka tsaya wurin mai faci a ƙara wa taya iska, kuma nan wani mutum a kan babur ya gane Baba. Suka rungume juna. Cikin gaisuwa mutumin ya ce ai yayansu ya rasu, kwana tara ke nan. Baba ya yi salati, ya cire hula ya mayar. Na san abin da zai biyo baya tun kafin ya juyo. Ba a jin rasuwa a bakin titi a yi ta'aziyya a bakin titi.

Aka sake kai ni cikin mata. Ɗakin ya cika, ba iska, ana ta shigowa ana fita, kowace ta shigo sai an faro gaisuwa daga tushe. Wata tsohuwa tana jan carbi tana gyangyaɗi. Bayana ya ƙage, kaina yana sarawa, safata ta bushe da laka a jiki. Na daina shirya kalmomi. Ta ƙofar ɗakin ina hango wani ɗan yanki na sama, kuma na ga launinsa yana sauyawa daga fari zuwa toka. Aka kira la'asar, aka yi, aka ƙara zama kaɗan don kada a ce an yi gaggawa.

Da muka koma mota ba wanda ya yi wasa. Kawu ya kama sitiyari, Baba ya jingina kai. Muka hau titin Daura, gabas ta yi baƙi ƙirin a gabanmu, iska tana kwantar da gero. Ba mu yi nisa sosai ba, wajen Shargalle, Kawu ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Malam, dubi gabanka. Abin share gilashina ɗaya ke aiki, shi ma sai ya ga dama. Idanuna kuma ba sa son yamma. In muka shiga Daura yanzu, da dare za mu dawo cikin ruwa."

Baba ya leƙa sama ya yi hamma. "Gaskiyarka. Rijiya ba ta gudu. Wata rana."

"Wata rana ina gida ina noman citta."

"Sai in aiko maka da hotonta."

Suka yi 'yar dariyar gajiya. Kawu ya duba madubi, ya fara murza sitiyari.

Na ce, "Baba." Ban ji muryata ba, balle su. Gaban motar ya riga ya hau kwalta yana juyawa. Na sake cewa, "Baba," sai ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har Kawu ya taka birki, ƙwai suka yi ƙara a cikin kwano.

Baba ya waigo. "Lafiya? Amai?"

Na zaro gorar daga hijabi na ɗaga. "Iya ta aike ni."

"Ta aike ki ina?"

"Kusugu. Ta ce in ɗebo mata."

Ya dubi gorar, bai dube ni ba. Ya daɗe yana dubanta.

"Ita ta ce?"

"E."

"Da bakinta?"

"Ta ce kada in faɗa maka."

"Tun yaushe?"

"Jiya."

"Jiya," ya maimaita. "Kuma kina zaune muna cin kaza a Mani." Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mani sauƙi. Hawaye suka zubo, ba hannun da zan share su, don duka biyun suna riƙe da abu.

"A'a, Malam, bar yarinya," in ji Kawu. "Uwarka ta ce kada ta faɗa, kai ka ce don me ba ta faɗa ba. Ta bi wa? Ku dai mutanen nan. Da tawa uwar ce, tun asuba ta kira ni a waya ta zage ni, ta ce in ban kawo ba kada in sake in zo mata gida. Da yanzu mun je mun dawo."

Baba ya gyara zama ya fuskanci gaba. Can ya ce, a hankali, kamar da gilashin yake, "Tunda nike ba ta taɓa cewa in kawo mata ko allura ba." Sannan ya ce, "Mai mota, ida da mu."

Kawu ya ja dogon numfashi, ya taɓa ɗan gicciyen nan da yatsa, ya mayar da kan motar gabas.

Ruwan ya tare mu kafin mu yi nisa. Ya sauko gaba ɗaya, har titin ya ɓace. Abin share gilashin yana tafiya yana tsayawa. Baba ya karɓi hankicin Kawu yana goge hucin da ya rufe gilashi ta ciki, yana cewa hagu kaɗan, akwai rami, ga babbar mota nan. Ruwa yana ɗigowa ta saman ƙofata yana bin hannun hijabina. Ba na tunanin komai a lokacin sai wuyana da ya gaji da ɗaukar kaina.

Muka shiga Daura ruwa yana gudu a kwatoci, mutane sun fake a rumfuna. Na daɗe ina son ganin garin, amma abin da na riƙe kaɗan ne: wata katanga mai zane, wani mai shayi yana janye bencinsa daga ruwa. Rijiyar a cikin gini take. Muka ishe mai kula da ita ya fito da makulli a hannu, yana jiran ruwa ya tsagaita ya tafi. Baba ya yi sallama, ya tambayi gajiya sau ɗaya, ya faɗi abin da ya kawo mu. Duk ranar ban ji ya gajarta gaisuwa ba sai nan.

Mutumin ya dube mu, jiƙaƙƙu, ya mayar da makullin aljihu, ya shigar da mu. Ciki da ɗan duhu da sanyi. Bakin rijiyar bai kai girman da na zata ba. Mutumin ya fara ba Kawu labarin macijiyar nan da kowa ya sani, yana kai hannu ga guga, sai Baba ya ce, "Don Allah bar ni in ja da kaina." Ya naɗe hannun riga. Ban taɓa ganin Baba yana jan ruwa ba, kuma bai iya sosai ba, igiyar tana ta gogar baki. Da gugan ya fito ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba, na sa masa gorar. Ya ɗauraye ta sau uku. Ya cika ta har wuya, ya ɗaure murfin, ya sake murzawa, ya juya ta ƙasa ya ga ba ta yoyo, ya goge jikinta da bakin rigarsa.

Aka ba mu muka sha. Kawu ya kurɓa ya ɗaga kai yana tunani. "Ruwa ne dai," ya ce. Ni na ji sanyi da ɗan ɗanɗanon ƙasa, sai kuma na ji ina so in kwanta a wurin.

Baba ya yi magariba a wani masallaci kusa, muka kamo hanya. Kawu yana tafiya kamar mai bin jana'iza, fuskarsa dab da gilashi. Gorar tana hannun Baba, a kan gwiwarsa, duk tsawon hanyar. An idar da isha muka iso Ƙofar Marusa. Ƙwai huɗu sun fashe, ruwansu ya bi ƙaiƙayi ya ɓata mani siket. Kawu ya ce shi ya gama da tarihi, wanda ya rage a bar wa jikoki.

A zaure Baba ya tsaya ya miƙo mani gorar. "Ke aka aika," ya ce. "Ni ban ga komi ba." Ya wuce ɗakinsa.

Iya ta riga ta kwanta, don haka sai da safe na kai mata. Na ishe ta kan buzu ta idar da lazimi. Na durƙusa na gaishe ta, kowace gaɓa tawa tana ciwo, na ajiye gorar gabanta. Ta ɗauka ta ɗaga wajen hasken taga. Ta kama murfin ta murɗa, ya ƙi. Ta sa bakin zane ta sake gwadawa, ya ƙi. Ta miƙo mani, ni ma na kasa, sai da na sa haƙori.

Ta dube ni. "Ke kika ɗaure wannan?"

Na sunkuyar da kai ina kallon gashin buzu.

"Hm," ta ce. "Ashe bakin yana buɗewa."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta jawo ƙaramin kofinta na silba, ta zuba kaɗan, ta yi bisimilla ta kurɓa. Ta riƙe ruwan a baki kafin ta haɗiye. Ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta ce ya sauya ba. Ta ƙara kurɓa ɗaya, ta zauna tana kallon ƙofa, har na fara tunanin ko in tashi.

Sai ta sake cika kofin, ta miƙo mani da hannu biyu don kada ya zube.

"Kai ma wancan mutumin," ta ce. "Ki ce ragowa ce, na rasa inda zan zuba."